Ƙananan Bishiyoyin Kirsimeti na Cikin Tukunya: Wacce Ke Zama a Ɗaki, Wacce Baƙuwar Kwana Goma Ce

Daga tsakiyar watan Nuwamba, manyan kantuna da shagunan furanni a Turai da Amurka kan cika da wasu 'yan bishiyoyi kore shar a cikin tukwane, tsayinsu daga taƙi ɗaya zuwa kamu biyu, an naɗe tukunyar da jar takarda mai walƙiya, wasu har an barbaɗa musu ƙyalƙyali. Takardar da ke maƙale a jikinsu sau da yawa ba ta faɗin komai sai "ƙaramar bishiyar Kirsimeti". Kafin watan Fabrairu ya fita, da yawansu sun bushe sun tafi kwandon shara, masu su kuma sun kasu kashi uku: masu cewa ruwa ne ya yi yawa, masu cewa ruwan ne bai isa ba, da waɗanda suka yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da hannun shuka.

Galibi ba a nan gizo ke saƙa ba. "Bishiyar Kirsimeti" sunan kasuwa ne. A ƙarƙashinsa ana sayar da iri biyar ko shida na tsirrai da suka fito daga nahiyoyi daban-daban, an yi musu aski iri ɗaya, ƙasa da faɗi sama da tsini. Kulawar da za ta raya ɗaya ita ce za ta kashe ɗaya, kuma a cikinsu duka guda ce tak ke iya zama a ɗaki shekara da shekaru.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Shukar ɗaki ita ce wadda za ta iya ƙare rayuwarta a cikin gida, a yanayin da mutum ke jin daɗinsa, wato zafin digiri 18 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, da hasken da taga ke bayarwa. Kusan duk irin waɗannan tsirrai 'yan ƙasashen zafi ne, shi ya sa ɗumin ɗaki bai dame su ba.

Konifa, kalmar da aka aro daga Latin, suna ne na dangin bishiyoyin da ba sa yin fure, suke ɗauke da irinsu a cikin wani ƙullutu mai ɓawo hawa-hawa. Ganyen yawancinsu siriri ne kamar allura, kuma ba sa kaɗe shi gaba ɗaya kamar yadda kuka ke yi da rani. Itacen al'ul na Lebanon, wanda masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa suka san sunansa, ɗan wannan dangi ne. Haka fayin, da sifurus, da fir, da saifires. Duka sunayen aro ne, domin ba bishiyoyin dajinmu ba ne.

Barcin sanyi shi ne hutun da bishiyoyin ƙasashen ƙanƙara ke shiga da kaka. Suna daina girma, tohonsu ya rufe, kuma ba za su farka yadda ya kamata ba sai sun sha makonni masu yawa a sanyin da bai wuce digiri 7 ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin rainon tukunya da tono. Ta farko tun tana ƙarama a tukunya ta tashi, saiwarta cikakkiya. Ta biyu a fili ta girma, aka sa shebur aka datse mata saiwa ana gab da biki, aka cusa ta a tukunya. A ido ba su da maraba. Idan aka zare tukunyar a hankali, rainon tukunya za ta fito da dunƙulen ƙasa wanda fararen jijiyoyi suka kewaye, tono kuwa ƙasar za ta warwatse a ga gundulmin saiwa. Da wuya tono ta kai bazara.

Inda al'adar ta samo asali

Ƙawata bishiya a cikin gida lokacin Kirsimeti ya bunƙasa ne a yankunan masu magana da Jamusanci tun ƙarni na 16, kuma akwai rubutaccen bayani na shekarar 1605 game da yadda mutanen birnin Strasbourg ke kafa fir a ɗakunansu. A Ingila abin ya bazu bayan 1848, da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da bishiyarsu. Waccan al'ada ta sararriyar bishiya ce: a sare ta, ta yi mako biyu ko uku, a fitar. Ba wanda ke tsammanin ta rayu. Ƙaramar ta tukunya daga baya ta shigo, don masu ƙananan ɗakuna a gidajen bene da masu jin nauyin sare bishiya saboda bikin 'yan kwanaki. Da shigowarta aka fara sa ran za ta rayu, ba tare da an gaya wa mai saye ko wace ce ya ɗauko ba.

Yadda ake gane su: hannu da hanci

Kama da wane ba ta wane. Ido kaɗai ba ya isa a nan, sai an taɓa an kuma sansana.

Wadda ta fi muhimmanci ita ce bishiyar Nofok, wadda masana ke kira Araucaria heterophylla. Rassanta na fitowa hawa-hawa, kowane hawa yana kewaye da gangar jiki kamar haƙarƙarin laima, da sarari tsakanin wannan hawa da na sama. Ganyen gajere ne, a ɗan lanƙwashe, mai laushi. Idan aka shafa reshen ba ya suka, kuma kusan ba shi da ƙamshi. Turawa na kiranta fayin amma ba fayin ba ce. Asalinta wani ɗan tsibiri ne mai suna Nofok a tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,400 gabas da Ostireliya, inda ba a san ƙanƙara ba. Kyaftin James Cook ya gan ta a 1774, ya yi zaton miƙaƙƙen jikinta zai yi kyau da ginshiƙin jiragen ruwa, daga baya aka tarar katakon bai da ƙarfin wannan aiki. A can tana haura mita 50, har hotonta ne a tutar tsibirin. Ita ce kaɗai shukar ɗaki ta gaskiya a wannan rukuni. Akwai 'yar'uwarta daga Sabuwar Kaledoniya, Araucaria columnaris, wadda ake yawan sayarwa da sunanta domin suna ƙanana ba a iya raba su cikin sauƙi. Wannan ruɗani bai da illa, kulawarsu ɗaya ce. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ta Kaledoniyar, idan ta girma, tana karkata ne zuwa layin da ya raba duniya arewa da kudu: ta arewa ta jingina kudu, ta kudu ta jingina arewa.

Ta biyu ita ce gajeren sifurus na Albata, Picea glauca nau'in Conica. Ita ce ta fi kama da bishiyar da ake gani a katin gaisuwa: cunkushe, ba a hango gangar jikinta, allurarta gajeru masu ɗan suka. Alamar dangin sifurus ita ce idan ka tsinki allura ɗaya ka murza tsakanin yatsu za ta juya, domin kusurwa huɗu gare ta, kuma inda ta fita yana barin ɗan ƙaramin tsini a reshe. Wasu masanan tsirrai biyu, Alfred Rehder da John George Jack, suka tsince ta a 1904 a duwatsun Albata ta Kanada. Girmanta bai wuce santimita 5 zuwa 10 a shekara ba, abin da ya sa mutane ke ɗaukar ta dace da kan tebur. Amma 'yar ƙasar dusar ƙanƙara ce. Sanyin da zai kashe mutum bai dame ta ba, ɗumin falo ne ajalinta.

Fir kuwa allurarsa a baje take, ba ta murzuwa, bakinta ba kaifi, kuma a bayanta akwai fararen layuka biyu. Wanda ya fi yawa a kasuwar Turai shi ne Nodman, ɗan duwatsun Kokesas, wanda Denmak ta shahara da nomansa, irinsa kuma da yawa daga ƙasar Jojiya ake tsinko shi. Hukuncinsa ɗaya da na sifurus.

Sai fayin na Italiya, Pinus pinea, wanda ya fi kowa rikita mutane domin yana sauya kama. Yana ƙarami allurarsa ɗaiɗai ce, gajere, mai launin shuɗi-shuɗi da toka. Bayan 'yan shekaru sai ya fara fitar da dogayen allurai koraye, bibbiyu a kube ɗaya, masu kai santimita 10 zuwa 20. Mai shi ya ɗauka wata cuta ce, alhali balaga ce. Shi ne bishiyar nan mai kai kamar buɗaɗɗiyar laima da ake gani a hotunan birnin Rum, kuma ana cin ƙwayar 'ya'yansa. Rana yake so tsagwaronta.

Sauran biyun hanci ne ke tona su. Mai launin rawaya-rawaya da ke ƙamshin lemun tsami idan an murza, saifires ne ɗan gaɓar Monterey ta Kalifoniya. Ƙasarsa ta bushe ƙarau sau ɗaya, shi ke nan, ba ya yafewa. Mai ƙamshin kayan miya kuwa rozmeri ne, ganyen girki na yankin Bahar Rum, ba ma konifa ba ne, almakashi ne ya ba shi wannan siffa.

Abin da ke kashe su

Abu na farko da ke ɓatar da mutane shi ne konifa ba ta nuna mutuwarta da wuri. Tumatir ya ji ƙishi da safe, da rana ya langaɓe, a ba shi ruwa ya miƙe. Konifa kuwa saiwarta na iya mutuwa ganyen ya ci gaba da zama kore har makonni. Ranar da ta fara ja, abin da ya kashe ta ya faru tun wata guda baya, wataƙila tun tana kanti ba a shayar da ita. Mai ita sai ya ɗora laifin a kan abin da ya yi jiya. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce: idan ƙarƙashinsa kore ne mai danshi akwai rai, idan ruwan ƙasa ne busasshe wannan reshe ya tafi.

Ga 'yan ƙasar sanyi, babbar matsalar ita ce katse barci. An ɗauko sifurus daga waje yana cikin barcin sanyi, an ajiye shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Bayan mako biyu ko uku ya ɗauka bazara ta zo, ya buɗe toho mai laushi. A mayar da shi waje a Janairu, ƙanƙara ta ƙone sabon tohon. A bar shi a ciki, ƙarancin haske da busasshiyar iska su gama da shi sannu a hankali. Shi ya sa ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ke cewa kada a bar irin wannan bishiya a cikin gida fiye da kwana 12, wasu masana a Amurka ma kwana 7 zuwa 10 suke faɗa. A shigo da ita a makare, a ajiye ta a wuri mafi sanyi a gidan, sannan kafin ta koma fili ta yi 'yan kwanaki a gareji ko rumfa ta sake sabawa.

Takardar adon nan da ke naɗe da tukunya ma ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Tana toshe hujin ƙasa, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe kuma ba ta iya shan ruwa, don haka bishiyar da ruwa ya yi wa yawa kan nuna alamar ƙishi, mai ita ya ƙara mata. Masu cewa yawan ruwa da masu cewa ƙarancinsa, sau da yawa alama ɗaya suke kallo.

Akwai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo da ke son zafi da bushewa, sifurus na Albata kuwa tuwonsu ne. A riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe a kaɗa shi. Idan ɗige-ɗigen da suka faɗo suna motsi, su ne. Wanka da ruwa mai ɗan ƙarfi sau biyu a mako kan rage su ƙwarai.

Rainon bishiyar Nofok

Tunda ita ce mai zama, ita ta cancanci dogon bayani. Haske take so mai yawa, dab da taga, ba lungun falo ba. Idan bai ishe ta ba, tazarar hawa da hawa na ƙaruwa, rassan su sunkuya. Tana bin haske, don haka a riƙa juya tukunyar kaɗan duk mako, in ba haka ba ta gantsare gefe guda. Ruwa kuwa sai an tsoma yatsa: idan saman ƙasar ya bushe kamar gaɓar yatsa ɗaya, a zuba har ya fito ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana takura mata. Taki kaɗan a lokacin girma ya wadatar, kuma ba ta son yawan sauyin tukunya domin saiwarta ba ta da yawa. Shekara biyu zuwa uku ya yi.

Abubuwa biyu game da ita ba sa gyaruwa. Reshen ƙasa da ya bushe ya faɗi ba ya dawowa, gurbinsa ya zauna ke nan. Kan ta kuma, wato tsinin sama, idan aka datse shi siffar ta lalace, sai ta fito da kawuna biyu ko uku a karkace. Wani abin mamaki shi ne ko an yanki reshen gefe an dasa ya yi saiwa, ba zai miƙe sama ba, zai ci gaba da tafiya a kwance kamar har yanzu reshe ne. Shi ya sa daga iri ake rainonta. Wanda ya leƙa gindin tukunyar da ya sayo zai iya ganin kara uku ko huɗu. Masu raino ne ke haɗa su don ta yi kama da cikakkiya. Raba su na iya tsinka saiwa, ya fi sauƙi a bar su, ko a yanke raunanan daga gindi. Kayan ado masu nauyi na lanƙwasa rassanta har abada, fitilu kuma sai ƙanana marasa zafi irin na LED.

Inda ra'ayi ya saɓa

Fesa wa ganye ruwa shi ne shawarar da aka fi maimaitawa, kuma ita ce mafi rauni. Danshin da feshi ke kawowa mintoci kaɗan yake yi ya watse. Amfaninsa na zahiri wanke ƙura ne da korar ƙwari. Ga rozmeri ma illa ne, domin jiƙaƙƙen ganye a ɗakin da iska ba ta ratsawa na jawo farar fumfuna. Tara tukwane wuri guda, ko na'urar da ke sa wa iska danshi, sun fi tasiri.

Babbar muhawarar ita ce ta muhalli: ta roba, ko sararriya, ko ta tukunya? Masu goyon bayan ta roba na cewa sau ɗaya ake saye. Masu suka na nuna cewa yawancinsu a Sin ake ƙera su da robar PVC da ƙarfe, a yi jigilarsu rabin duniya, kuma ba sa ruɓewa. Wani nazari da kamfanin Ellipsos na Montreal ya fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa sai an yi amfani da ta roba kusan shekara 20 kafin ta fi sararriya sauƙi ga yanayi. Wasu ƙiyasin na kawo adadin ƙasa zuwa wajen shekara 10. A takarda ta tukunya ce ke kan gaba, amma da sharaɗin ta rayu. Wadda aka raina a ɗakin gilashi mai ɗumi, aka fesa mata fenti, ta mutu a Janairu, ba ta fi sararriya da komai ba, ga kuma tukunyar roba a kai. Wannan ne ya haifar da sana'ar hayar bishiya a Birtaniya da Jamus: a kawo maka rainon tukunya a Disamba, a zo a ɗauke ta a Janairu ta koma gona hannun waɗanda suka san ta. Ga sifurus da fir, wannan tsari ya fi kusa da hankali.

Idan aka zo ƙasarmu

Kiristocin da ke bikin Kirsimeti a Jos da Kaduna da Abuja da Sabon Garin Kano sun fi amfani da ta roba, amma masu sayar da furanni a bakin titi na da abin da suke kira bishiyar Kirsimeti, kuma mutane na saye don adon gida ko da ba biki. A nan lissafin Turai juyewa yake yi. Sifurus da fir ba su da inda za su koma. Ko Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ba ta da sanyin da zai ba su barcinsu, saye su asarar kuɗi ce. Bishiyar Nofok kuwa ba ta buƙatar ɓuya a ɗaki, baranda mai samun ranar safe ta fi mata falo. A tudun Jos tana girma a fili sosai. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, sai an kare ta daga ranar azahar.

Kirsimeti na faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke tsage leɓe da diddige, kuma abin da take yi wa fata shi take yi wa bakin ganye. Tukunyar yumɓu na shan iska, saiwa na jin daɗinta, amma tana saurin bushewa, sai an riƙa dubawa kullum. Ƙurar da ke kwanciya a rassa a wanke ta duk mako. Bakin na'urar sanyaya ɗaki ba wurin ajiye bishiyar Nofok ba ne. Laka zalla na shaƙe saiwa. A cakuɗa ƙasar lambu da yashi da ruɓaɓɓen taki. Idan farin gishiri ya fara taruwa a bakin tukunya, daga ruwan rijiya ko na burtsatse ne, sai a riƙa kwarara ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya wanke shi.

Ana kuma rikita ta da kasharina, wadda ake shukawa a harabar makarantu da bakin hanya, mai kukan nan idan iska ta ratsa ta. Abin da ake ɗauka allurarta ce ƙananan rassa ne masu gaɓa-gaɓa. A ja ɗaya zai rabu a gaɓa. Ba konifa ba ce, kuma tana girma da sauri fiye da abin da tukunya za ta iya riƙewa.

Bayan shekara biyar ko goma

Wanda ya yi nasarar raya bishiyar Nofok wata matsalar ke jiransa. A ɗaki tana ƙara hawa ɗaya ko biyu a shekara, wata rana kanta ya taɓa rufi, ga shi ba a datse ta. A ƙasashen sanyi mafita ita ce a kyautar da ita ga coci ko makaranta ko wani gini mai dogon zaure. A wurinmu ana iya sauke ta ƙasa a farkon damina, bayan an saba mata da rana a hankali cikin mako biyu ko uku, domin ganyen da ya tashi a inuwa ƙonewa yake yi idan aka fitar da shi kai tsaye. Wajen zaɓar gurbin kuwa a tuna da tsayinta a tsibirinsu: ta yi nesa da katanga, da wayar lantarki, da rufin maƙwabci.